Na Je Alkahira a Rage Mini Tumbi

Tun da na dawo, duk wadda ta shigo yi mini barka da zuwa sai ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa kafin ta nemi wurin zama. Masu kara su ce na yi haske. Marasa kara kuwa, irin Madam Kaneng da muke koyarwa tare, tambayata ta yi kai tsaye ko likitocin Masar ɗin ƙara mini suka yi. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure a ofishin malamai da gidajen suna, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar Hausa ce a wata sakandare a nan Jos, gidanmu yana Nasarawa Gwom, maigidana Alhaji yana sayar da katako a kasuwar Katako. Ƙiba ba baƙuwata ba ce, tun haihuwar fari muke tare. Sai dai a 'yan shekarun nan ta gayyato ciwon suga da hawan jini, gwiwoyina suka fara ƙin ɗaukata, in na yi barci numfashina ya riƙa ɗaukewa har Alhaji ya girgiza ni. Na sha ganye, na yi azumi, na bi duk wata dabara da aka kawo mini, abin ya ƙi. Daga ƙarshe likitan da ke duba ni a nan ya ce in yi tunanin tiyatar rage ƙiba, wadda ake yanke mafi yawan tumbi a bar ɗan siriri kamar ayaba. Shi ya haɗa ni da wani likita a Alkahira. Mun gama magana ke nan korona ta zo, aka rufe ko'ina.

Da aka buɗe filayen jirgi, likitan ya aiko cewa ya koma aiki, amma ba kowa yake ɗauka ba. Yana fara ne da waɗanda jira ke ƙara wa ciwo, kuma ina cikinsu. Ya ce cutar ta fi yi wa masu irin jikina illa, saboda haka zaman da nake yi shi ma ba tsira ba ne. Sharaɗinsa biyu: in zo da mai jinya, kuma in fara cin abinci mai ruwa-ruwa tun daga gida.

Alhaji ba zai iya barin mahaifiyarsa ba, don tsufa ya kama ta sosai. Sai maƙwabciyata Iya Bisi ta ce ita za ta raka ni. Bayarabiya ce Kirista, tana da shagon atamfa da abaya, ta taɓa zuwa Masar saro kaya. Ta fi shekara ashirin a Jos amma har yau Hausarta ba ta san mace ba, kowa "ka" ne a wurinta.

"Malama, ka shirya kawai," in ji ta. "Ni na san hanya."

Motar haya muka shiga zuwa Abuja, ni kaɗai a kujerar gaba. A wani shinge aka tsayar da mu, wani ma'aikaci ya riƙa ɗora mana na'urar auna zafi a goshi kamar mai nuna bindiga, takunkuminsa kuwa yana rataye a haɓa. Ya auna direba har sau biyu, na'urar ta ƙi nuna komai, ya bubbuga ta a tafin hannu, ya ce oga ya wuce, lafiyarsa ƙalau. A Abuja aka zura mana tsinken gwajin korona a hanci har sai da na ji shi a ƙwaƙwalwa. Muka sauka gidan ƙanwar Iya Bisi muna jiran sakamako. Mutanen kirki ne, amma sun jarraba ni: suna cin amala da miya mai ja, ni ina gefe da kofin romo marar mai. Sakamako ya fito babu komai, muka hau jirgi.

Abin da na fi tsoro a tafiyar duka shi ne bel ɗin kujera, don na san ba zai zagaye ni ba, kuma ina jin nauyin roƙon ƙari a gaban mutane. Ban ma buɗe baki ba, wata ma'aikaciyar jirgin ta zo wucewa, ta ajiye mini ƙarin bel a cinya a naɗe cikin bargo, ta yi gaba ba ta ko waiwayo ba. Ban san sunanta ba, amma har yanzu ina sa ta a addu'a.

A filin jirgin Alkahira, bayan an duba takardar gwaji an buga mana fasfo, wani jami'in kwastan ya sa Iya Bisi ta buɗe jaka. Ya ga garin kuka ya yamutsa fuska, ya ga daddawa ya ja da baya. Sai ya ɗauko wata roba, ya sauke takunkumi don ya shinshina. Iya Bisi tana ce masa kada, kada, ina, ya riga ya kai hanci. Dakakken yaji ne. Bawan Allah ya kama atishawa ba tsayawa, kuma a wancan lokaci atishawa a cikin jama'a ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka ce me, layin da ke bayanmu ya watse. Ya yi mana alama da hannu mu tafi, hawaye na zuba.

Wadda ta tarbe mu ita ce Malama Rabi, 'yar Bauchi, mijinta yana karatu a can. Sana'arta ke nan, ta samar wa marasa lafiya 'yan Najeriya masauki, ta raka su asibiti ta yi musu tafinta. Ta kai mu wani tsohon bene, ɗakinmu a can sama. Akwai lifta, amma irin ta dā ce, mai ƙofar ƙarfe, kuma ba ta ɗaukar ni da Iya Bisi a tare. Kullum ni ke fara hawa, in rufe ƙofar da kyau ta sauka ta ɗauko ta. Ranar farko na manta ban rufe ba, ta tsaya a ƙasa tana ta kiran sunana har mai gadin gidan ya hau da ƙafa ya rufe.

Mu mutanen Jos muna taƙama da sanyi, in baƙo ya zo daga Kano mu ba shi bargo muna dariya. To, na ga wani irin sanyi a can. Namu a waje yake, in ka shiga ɗaki ka tsira. Nasu a cikin ɗaki yake zaune, sai ka fito rana ka ji ɗumi. Gurasa kuwa ita ce tuwonsu, za ka ga mutum a kan keke da faifan gurasa mai tsawon ƙofa a kansa, yana kutsawa tsakanin motoci. Suna da wani abinci da suke haɗa shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake a kwano ɗaya. Iya Bisi ta ɗanɗana ta ce wannan ai ragowar tukwane uku ne aka juye, amma ta cinye, bayan ta zuba yaji. Tsallaka titi kuma sai da dabara. Ba mai tsaya maka, sai dai ka raɓi wani ɗan gari ka bi shi kamar inuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kwando. Kusan kowane gida na sama yana da kwando ɗaure da igiya a baranda. Mace za ta leƙo ta kira mai kanti, ta sauke kwandon, ya zuba mata abin da take so ta janye. Na ce da a Nasarawa Gwom ne, kafin kwandon ya kai rabin hanya akuya ta gama da shi.

Likitan dattijo ne mai sanyin magana. Ya duba ni, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa ranar tiyata. Saura abu ɗaya, in ji shi, sai an sake gwajin korona dab da ranar, haka ake yi wa kowa. Ban damu ba, tunda lafiyata ƙalau nake ji, in ban da ɗan kasala da na ɗora wa yunwa. Ina ninke kayan da zan kwana da su a asibiti Malama Rabi ta kira. Daga yadda ta tsawaita gaisuwa na gane. Gwajina ya nuna akwai cutar, na Iya Bisi babu.

Ko a mota na ɗauka, ko a jirgi, ko a liftar nan, Allah kaɗai ya sani. Aka ce in killace kaina a masauki, aka ba ni magunguna da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan iskar da ke cikin jini, aka ce in ta sauka ƙasa da wata lamba a kawo ni da gaggawa. Malama Rabi ta samar wa Iya Bisi wani ɗaki a gidanta. Iya Bisi ta ƙi. Na roƙe ta, na ce tana da 'ya'ya, ban kawo ta nan don ta kwasa ba.

"Na gaya wa Alhaji zan kawo ka gida," in ji ta. "In na tafi, wa zai duba yatsan?"

Ta koma falo da katifarta, ni ina ƙurya, tagogi a buɗe duk da sanyin. A nan kwandon baranda ya yi mana rana, don da shi mai kanti ke aiko mana da komai. Zazzaɓi ya zo, tari ya biyo baya, ƙamshi da ɗanɗano suka ɗauke. Iya Bisi ta dafa farfesun kaza ta zuba yajin da ya kori layin kwastan, na sha kamar ruwan zafi. Likita ya ce in riƙa kwanciya rub da ciki don huhu ya buɗe, abin da na yi shekaru ban iya ba. Da matasan kai muka yi dabara. Akwai yinin da lambar ta sauka har bakin inda aka ce, na ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji. Iya Bisi ta tsaya a bakin ƙofa da takunkumi biyu da jakata a hannu, tana waƙar coci a hankali da Yarabanci, ni ina salati. Zuwa la'asar lambar ta fara hawa. Daga ranar sauƙi ya soma samuwa.

Da gwaji ya nuna na warke, na koma wurin likita da murnata, ina jiran ya sa sabuwar rana a makon. Ya saurari ƙirjina ya daɗe, ya sa na yi tafiya a barandar asibitin da na'urar a yatsa, sannan ya zaunar da ni. Ya ce ba zai yi ba yanzu, sai an jira kamar wata biyu, ko fiye in numfashin bai daidaita ba. Ta bakin Malama Rabi ya yi mini bayani: cutar ta tafi amma huhu bai gama warkewa ba, allurar barci kuma tana wahalar da huhu ko da lafiyayye ne. Cutar tana sa jini saurin daskarewa, tiyata ma haka, ƙiba ma haka, ba ya son haɗa ukun. Sannan ɗakin masu matsanancin ciwo na asibitinsu cike yake da masu korona, in wani abu ya same ni bayan aiki ba shi da tabbacin gadon da zai sa ni.

Na tuna masa cewa shi ya ce jira ma haɗari ne. Ya ce haka ne, kuma bai janye ba, da ban kamu ba da tuni ya yi. Amma yanzu haɗarin yi ya fi na jira, nan da 'yan watanni kuma lissafin zai juya. Na ce masa daga wata ƙasa na zo, bizata ba za ta kai ba, hutun da makaranta ta ba ni ya kusa ƙarewa, shagon abokiyata a rufe. Ya ce ya sani, kuma ya ba ni haƙuri.

A hanyar komawa Malama Rabi ta ce, ba wai tana ba ni shawara ba ne, amma akwai wani ƙaramin asibiti da ba sa tsaurarawa haka. Ta kai wata mata 'yar Kano da ta warke daga cutar ba da daɗewa ba, an yi mata, ga ta can tana yawo. Har ta kira mini ita muka gaisa, muryarta garau, ta ce in je kawai, babu komai.

Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Mutane suna ɗauka kyau muke nema. Ni abin da nake nema shi ne in sa goshina a ƙasa. Na daɗe ina salla a kan kujera, in ga tsofaffin da suka haife ni suna sujada ni ina duƙar da kai kawai. Ga shi na zo har bakin ƙofa, a ce in koma. Na kira Alhaji, ya ce jikina ne, ni ke jin abin da nake ji, duk wanda na zaɓa yana bayana. Iya Bisi ma ta ce in za a yi tana nan, shago ba zai gudu ba.

Muka je ƙaramin asibitin. Wuri ne mai tsabta, hawa ɗaya a cikin wani dogon bene, likitan matashi mai fara'a, har shayi aka kawo mana. Ya duba takarduna sama-sama ya ce ranar Alhamis. Bai saurari ƙirjina ba. Na ce wa Malama Rabi ta tambaye shi, in numfashina ya ƙi dawowa bayan aiki, ina za su kai ni. Ya yi murmushi ya ce in sha Allahu babu abin da zai faru. Na ce ta sake tambaya. Ya ce suna da tukunyar iska, in kuma abin ya wuce nan sai su kira motar asibiti a nemi gado a wani wurin. Na yi masa godiya, na ce zan yi shawara.

Da muka fito, liftar benen ta tsaya, aka ce sai dai matakala. Sauka ce fa, ba hawa ba. Duk da haka kafin mu kai ƙasa sai da na zauna a kan matakala ina haki, zufa ta jiƙa mini mayafi. Na san hakin ƙiba, na yi shekaru da shi, in na tsaya yakan lafa. Wannan daban ne, ina jan iska tana tsayawa a rabin hanya. Iya Bisi ta zauna kusa da ni. Da na samu magana na ce mata mu tafi gida.

"Masauki?"

"Jos."

Ta ce to, amma sai ta sayi abayoyinta tukuna.

Na koma wurin dattijon likitan na yi masa sallama. Ya canza mini maganin suga, ya rubuta yadda zan riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, ya ce in an kawo allurar rigakafi garinmu kada in yi wasa, kuma in huhu ya koma daidai, asibiti ya yi sauƙi, sunana ne a gaba. Kafin mu taso na raka Iya Bisi kasuwa, na zauna a wani shago tana ta ciniki da hannu da kalkuleta. Mai shagon ya ba ni kujera da shayi mai sukari kamar zuma, na ce ina da ciwon suga, ya karɓa ya kawo wani da ya ce babu sukari, cokali biyu kacal.

Yanzu numfashin ya dawo, an yi mini rigakafin, ina zagaya filin makaranta kafin a shiga aji. Muna waya da likitan, ya ce mu ga bayan damina. Ban san ko zan sake samun hutu ba, ban kuma san ko cutar za ta sake tashi ba. Matar nan 'yar Kano tana turo mini hotunanta, ta rame ta yi kyau, nakan kalla in ji wani abu a raina, sannan in yi mata addu'a.

Ranar da muka iso gida, bayan an watse, na lura da wani abu a lungun falo an lulluɓe shi da zani. Alhaji yana ta tsayawa a gabansa kamar mai tare hanya. Na janye zanin. Kujera ce sabuwa ta maɗaci, mai hannu, an goge ta tana sheƙi, har da wurin miƙe ƙafa. Ashe tun muna hanyar Abuja ya zaɓi katakon da kansa ya kai wa kafinta, don in riƙa hutawa a kai bayan aiki. Sai dai shi a zatonsa daga tiyatar mutum ke fitowa a rame, saboda haka da awon jikin ƙanwarsa aka yi ta. Na gwada zama, hannuwan kujerar suka tare ni.

Kunya ta kama shi, ya ce gobe zai sa a mayar a faɗaɗa ta.

Na ce, "A'a, Alhaji. Bar ta yadda take."

Ya dube ni, ya dubi kujerar, ya ce maɗaci ne dai, ko shekara nawa ta yi gara ba za ta taɓa ta ba. Ya ɗauke ta ya matsar da ita kusa da taga.